Wane shakazoba ya dace da bas ɗin da aka maida ɗakin kwana?

Jama'a masu bas ɗin da aka cire kujeru aka sa gado da kicin da tankin ruwa, da ku da kuka shigo da irin motar nan mai ɗakin kwana daga Turai, maganar shakazoba a wajenku ba irin ta ƙaramar mota bace da zaka shiga kasuwar kayan mota ta Apo a Abuja kace a baka na Hiace ko na Sprinter a ɗaura ka kama gabanka. Bas ɗin haya yana sauke fasinja ya huta, ita kuwa wannan kullum a ɗauke take, katako, firiji, batiran sola, tukunyar gas duk suna ciki dare da rana, ga ruwa wanda duk lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankin lita 100 kaga kilo 100 kenan tun ba'a sa ko jaka ba. Sannan ga tsawo, in ka jera sola da kaya a rufi nauyi ya koma sama, shiyasa tirela na wuce ka a hanyar Kaduna sai kaji motar tana layi.

Abinda nake so kowa ya fara riƙewa, shakazoba baya ɗaukar nauyi. Sifirin ne ke ɗauka, shi shakazoba aikinsa ya hana sifirin yin ta tsalle bayan an faɗa rami, ya riƙe taya a ƙasa. Toh in bayan motarka ya zauna kamar jakin da aka yiwa lodin buhu, ko ka sayo mafi tsada a duniya bazata miƙe ba, sai an duba sifirin, ko a canza shi ko a ƙara irin jakar iskan nan da ake sawa tsakanin aksul da shasi. Ka ɗora motar a sikeli da cikakken tanki da kayan tafiya, ka gwada da nauyin da kamfani ya rubuta a ɗan farantin dake jikin ƙofa ko cikin bonet. Da yawan motocin Fiat Ducato da Mercedes Sprinter kilo 3,500 ne iyakarsu gaba ɗaya, kuma wallahi saurin kaiwa nan ake in kafinta bai ji tausayin katako ba.

Shakazoba kala biyu zaka tarar. Akwai mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, shine yawancin motoci ke fitowa dashi daga kamfani, yafi araha kuma yafi laushi a kan kwalta mai kyau, ko dutse ya ɗan lotsa bututun waje yana cigaba da aiki tunda fistin na can ciki. Matsalarsa zafi. In aka daɗe ana gargada da mota mai nauyi man ciki yana zafi yayi kumfa, riƙo ya ragu, sai kaji motar da ta fita Abuja a natse ta fara rawa tun ba'a kai Akwanga ba. Masu ɗan gas a ciki irin KYB Excel-G sun rage wannan, shi kam na mai zalla ban ga dalilin sa shi a motar da kullum a cike take ba.

Na biyu mai bututu ɗaya, mai a gefe, gas ɗin naitirojin mai matsi sosai a gefe, da wani fistin a tsakani da ya hana su haɗuwa. Ba kumfa, kuma yana saurin huce zafi saboda iska na dukan jikinsa kai tsaye. Bilstein B6 ɗin nan ruwan ɗorawa irinsa ne, har suna da wanda suka yi musamman domin motocin kwana na Ducato, haka KYB Gas-a-Just. Yafi tauri, wannan ba ɓoyo, ƙananan tsagar kwalta zakaji su a kujera har kofuna su dinga ƙara a kicin, kuma in bututun ya lotsa shikenan ya tashi aiki. Amma ranar da kake gangaro Hawan Kibo da kwana-kwanar nan, iyali a ciki, wannan taurin shi kake nema. Koni na ƙasar Holan suna da wani mai bawul da yake sakin jiki a ƙananan gargada ya ƙulle in motar zata kwanta gefe, dabara ce mai kyau ga irin motocin nan, sai dai shi da Bilstein sau da yawa oda ake yi, ga tsada ga jira. Sachs da Monroe da KYB sunfi saukin samu.

Ni dai ra'ayina, in motarka na kusa da iyakar nauyinta kuma kana barin gari da ita, sa mai bututu ɗaya ko Koni. In ƙaramin gyara ne a Hiace, katifa da ɗan kabad, mai bututu biyu na gas na asali ya isheka, sauran kuɗin ka sa a taya.

Ɗan Beljiyam kuwa dan Allah ku barshi. Injin ko ƙofa ana iya dubawa a gane, shakazoba ba'a ganin cikinsa, masu ƙera shi ma suna cewa wajen kilomita 80,000 a duba shi, kai kuma baka san nawa wannan yayi ba kafin ya iso kasuwar kayan mota ta Zuba. Wani ma wankewa ake a fesa fenti. Sabon ma akwai jabu, kwali mai kyau kaya ba nauyi, saboda haka ka duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen tayi daidai da ta kwali, walda ta fita tsaf, in na gas ne ka danna shi ƙasa ka saki ya taso da kansa a hankali ba cijewa. Ka tafi da lambar shasi ba sunan mota kawai ba, Sprinter mai taya huɗu a baya ba ɗaya yake da mai biyu ba, wasu Ducato ɗin kuma an canza musu shasin baya zuwa na kamfanin AL-KO, shakazobansu daban ne gaba ɗaya.

Kar ka yarda da gwajin nan na danna mota a ga ko zatayi tsalle, wannan tafi ƙarfin hannun mutum. Shiga ƙasa da tocila, ka duba yoyon mai, bushin (robar da ke inda ake ɗaure shakazoba) da ya fashe, da taya mai cin tudu da kwari. Biyu-biyu ake canzawa, hagu da dama tare, ko oga makanike yace ɗaya ne ya mutu. Ka tsaya a kansa kar ya ƙulle notin bushin motar na kan jak, sai an sauke ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar zata murɗe ta yage da wuri. Masu Sprinter da Ducato in an taɓa na gaba sai an yi alaimen kafin a hau hanya.