Hawan jinin ido: aikin leza ko maganin ɗigawa?

Ɗan'uwa, ka ce likita ya gano Baba yana da gilakoma, wato hawan jinin ido, ya kuma ba ku zaɓi tsakanin aikin leza da ake kira SLT da maganin ɗigawa na kullum. Allah ya ba shi lafiya. Ku fara sanin cewa babu ɗayansu da ke dawo da ganin da ya riga ya tafi. Aikinsu shi ne rage matsin ruwan cikin ido, don a tsare abin da ya saura na jijiyar gani.

An gwada su biyun a Birtaniya, a gwajin LiGHT, inda aka raba mutum 718 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Sakamakon farko ya fito a 2019. Bayan shekara 3, kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka yi wa leza ba sa ɗiga komai, kuma babu ko ɗaya da aka kai ga yi wa tiyatar gilakoma, alhali a ɓangaren ɗigo an yi wa mutum 11. Da aka kai shekara 6, kusan kashi 70 na idanun da aka yi wa leza ba su koma kan magani ba. Sakamakon shekara 3 ɗin ne ya sa a 2022 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a riƙa farawa da leza. Sai dai yawancin mutanen gwajin ciwonsu bai yi nisa ba.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na asibitin KCMC da ke Moshi a Tanzaniya, da aka wallafa a 2021. Mutum 201 ne, akasarinsu ciwon ya ci ƙarfinsu kafin su zo asibiti, kamar dai yadda ake gani a nan. Bayan shekara guda leza ta yi nasara a kashi 61 na idanu, maganin ɗigo na timolol kuwa a kashi 31. Amma a lura, timolol aka gwada, shi kuwa latanoprost, wani maganin ɗigon, ya ɗan fi shi rage matsi.

Aikin leza ba yanka ba ne. Za a ɗiga maganin kashe zafi, a ɗora wani ƙaramin gilashi a kan ido, a harba haske wajen sau 100 a zagayen magudanar da ruwan ido ke fita, cikin minti 10 ko ƙasa da haka. Matsin yakan ɗan hau a awannin farko, shi ya sa ake sake aunawa kafin a sallami mutum. Sai bayan mako 4 zuwa 6 ake sanin ko ta kama. Wasu ba ta yi musu aiki sam, wasu ƙarfinta kan ragu da shekaru, amma ana iya maimaitawa. Kuma sai magudanar tana buɗe ake yin ta.

Ɗigo kuwa, matsalarsa tana gida. Kwalba ta ƙare, kuɗi ba su zo ba, a yi mako biyu ba a saya ba, ga shi ciwon ba ya zafi balle ya tuna wa mutum. Timolol sau biyu ne a rana, kuma haɗari ne ga mai asma ko mai jinkirin bugun zuciya, don yana bi ta magudanar hawaye ya shiga jini. Bayan an ɗiga, Baba ya rufe ido ya danne gefen da ke kusa da hanci na minti 2. Latanoprost sau ɗaya ne da dare, yana so a ajiye shi a firji kafin a buɗe, wanda a zafin Afrilu ba wuta wani aiki ne. Ɗigo ɗaya ya isa, na biyun zubewa yake yi. In magani biyu ne, a bar minti 5 a tsakani.

A ganina, in ciwon bai yi nisa ba kuma asibitin yana da na'urar, ku fara da leza. In kuwa likita ya ce jijiyar ta lalace sosai, ku yi masa maganar tiyata: a gwajin TAGS na mutum 453 a Birtaniya, bayan shekara 2 tiyata ta sauke matsi zuwa wajen 12 a ma'aunin matsin ido, magani kuwa 15. Kai ma da ƙannenka ku je a auna ku, don ciwon yana bin dangi.