Share bututun iska ko canza filta: wanne ya fi wa yaro mai asma?

'Yar'uwa, kin ce tunda kuka tare a gidan hayar nan a Amurka ɗanki mai asma ke tari da dare, ga wani kamfani ya turo miki talla zai share bututun iskar gidan. Kina tambaya ko ki biya su, ko canza filta ya wadatar.

Bari mu fara da bututun. Na'ura ɗaya ce ke ɗumama gidan lokacin sanyi, ta sanyaya shi lokacin zafi, iskar tana zagayawa ta cikin silin ko ƙarƙashin daɓe. In kika kwance murfin kika haska tocila za ki ga ƙura ta kwanta, har da gashi da ɓarɓashin biskit ɗin yara. Ba kyan gani, amma yawancinta ta manne ne a jikin bututun, ba tashi take yi ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta faɗa ƙarara cewa ba a taɓa tabbatar da share bututu yana hana rashin lafiya ba. A yanayi uku ta ce a share: in an ga funfuna ƙuru-ƙuru a ciki, in ɓeraye ko ƙwari sun yi gida, ko in ƙura ta cika har tana fesowa cikin ɗaki. Aikin kuma ba arha, a shekarun baya ita hukumar ta ƙiyasta dala 450 zuwa 1,000. Masu tallan za su share a dala 99 kuwa, sai sun shigo gida lissafi ke canzawa. Mafi muni, wanda bai iya ba zai tayar da ƙurar da ke kwance lafiya ya watsa muku ita. Wasu ma su ce za su fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta a ciki. Da mai asma a gida, ni ba zan yarda ba. In kuma shimfiɗar nan mai kama da auduga da aka liƙa a cikin bututun ce ta jiƙe ta yi funfuna, shara ba ta yi mata, sai dai a cire a sa sabuwa.

Filta kuwa ita ce ƙofar da duk iskar gidan ke bi, kullum. 'Yan daloli ce a kanti, kuma da kanki za ki zare tsohuwar ki zura sabuwa, ki dai lura kibiyar da ke gefenta ta fuskanci na'urar. Siririyar nan mai inci 1 ana canza ta duk wata 1 zuwa 3. Ki duba lambar MERV a jikinta, wato ma'aunin ƙarfin tacewarta: masu ƙaramar lamba manyan tarkace kawai suke tarewa, ita kuwa 13 tana kama ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi. Sai dai tsohuwar na'ura kan sha wuyar jan iska ta cikinta, don haka ki tambayi mai gyara tukuna.

A nan zan taɓo inda ke mana ƙaiƙayi: turaren wuta. Gidan can a rufe yake ruf, ba kamar namu da tagogi a buɗe da tsakar gida ba. Kasko ɗaya a falo, na'ura ta zuƙe hayaƙin ta raba wa kowane ɗaki, har inda yaron ke kwance. Ki zare filtarki ki kalle ta a haske; in ta yi baƙi ƙirin, kin ga abin da ƙirjinsa ke shaƙa.

Sai danshi. Funfuna da ƙananan ƙwarin ƙura da ke cikin katifa da kafet shi suke so, kuma suna cikin na kan gaba wajen tayar da asma. Ki sayi ɗan ma'aunin danshi, ki riƙe shi tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari.

In ni ce, filta zan canza yau, in ajiye turaren na ɗan lokaci, in kai yaron likita ya sake duba magungunansa. In kin leƙa kin ga funfuna ko kashin ɓera, ki ɗauki hoto ki tura wa mai gidan a rubuce, tunda haya kuke, kafin ki taɓa aljihunki.