Hayar babur zuwa Gidimuni: sarƙar da aka ɗaure da waya

Sai da na bari kwana tara suka wuce kafin in zauna rubuta wannan, don da a ranar da muka dawo na rubuta, da na faɗi abin da ya wuce gaskiya a kan Alhajin nan mai ba da hayar babura. Ba zan kama sunansa ba. Ɗaliban da suka taɓa zuwa wurinsa sun san shi, sun kuma san nawa yake karɓa a yini.

Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou, na gama shekara ta biyu. Wanda ya yi zaman karatu a Damagaram ya san yadda kwanakinmu suke tafiya: ka tashi tun kafin asuba ka tari ruwa idan famfo ya kawo, in bai kawo ba ka jira mai garuwa, ka hau kabu-kabu ko ka taka da ƙafa zuwa aji, da dare ka zauna fada, wato majalisar samari, a sha shayi zagaye uku ana gardamar ƙwallo. Haka wata tara suke shuɗewa, daga ɗaki sai aji sai fada. Wani dare ina bitar darasi a kan Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa har ya sa aka ƙera masa igwa a nan garin, sai kunya ta kama ni. Shekara biyu ina cikin gari, ban taɓa taka zauren fadar Sarki ba. Nan take na juya bayan littafina na rubuta wurare biyar da na ce sai na gani da idona kafin babban hutu ya ƙare: fadar Sarki, duwatsun Birni, kasuwar Mirya ta ranar Lahadi, tafkin Gidimuni, sai Magarya wurin gwaggona.

Na yi lissafi na ga in zan bi motar tasha da kabu-kabu, kuɗin da na tara ba za su kai ni ko rabi ba. Abokina da muke ɗaki ɗaya ya ce mu haɗa kuɗi mu yi hayar babur na kwana uku. Alhaji ya riƙe katina na ɗalibi da jika biyar a matsayin jingina, ya ba mu takardun babur da hular kwano guda ɗaya, ya ce, "Samari, wannan ko Gure kuka ce za ku, zai kai ku." Maganar nan tana cikin kunnena har yau.

Kwana biyun farko ba ni da abin cewa. Muka shiga Birni, muka bi lungunan da zanen bangon gidajensu ke tsayar da mutum, wani dattijo ya zagaya da mu inda aka yarda baƙo ya shiga a fadar Sarki, ya ba mu labarin yadda aka kashe Bafaranshen nan Kazemaju a 1898, da yadda Nasara suka dawo a 1899 suka ci garin. Da yamma muka hau dutse muka hango Zango da Sabon Gari. Abokina ya ce da ba a ɗauke babban birnin ƙasa daga nan an kai Yamai a 1926 ba, da yanzu wani labarin ake yi. Babur bai yi mana ko tari ba, kuma ba ya shan mai.

Lahadi ce ta ɓata komai. Muka yi sallar asuba, muka sha koko, muka sayi mai lita uku wurin ƴan ruwa-ruwa, muka kama hanyar gabas. Mirya ba nisa, kilomita 18 ne, tun kasuwa ba ta gama cika ba muka isa. Na saya wa Inna tulu ƙarami na ba wani ɗan ajinmu ajiya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka ɗauki hanyar Gidimuni, wadda daga Damagaram take kusan kilomita 70.

Mun yi nisa da Mirya, ni ke tuƙi, gero kore shar hagu da dama, sai na ji wata ƙara a ƙasa kamar an karya itace. Tayar baya ta cije. Babur ya yi gefe da mu, muka zube cikin yashin bakin kwalta. Allah ne ya tsare ba babbar mota a bayanmu, kuma ba gudu nake ba. Abokina, wanda shi ba shi da hula, ya guje gwiwar hannu, salansa kuma ta ƙone shi a ƙauri. Da muka tashi muka duba, sarƙa ce ta tsinke ta naɗe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda ta tsinke ɗin: ba sabon tsinkewa ba ne. An taɓa haɗa wurin da ƴar waya, an shafe da baƙin mai yadda ido ba zai kama ba. Wato wani ya sani. Wani ya ga sarƙar nan, ya ɗaure ta, ya miƙa wa yaran mutane makulli ya ce ko Gure za ta kai su.

Na kira Alhaji sau biyar, tana shiga ba ya ɗauka. Cajin wayata ya kusa ƙarewa, rezo kuma sai na hau tudu nake samu. Ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Ban san lokacin da hawaye suka zo mini ba, ba don ciwo ba, don ni na kawo shawarar tafiyar, ga ɗan mutane zaune yana riƙe da ƙafa yana cewa ba komai.

Wani tsoho da ke noma kusa ya ajiye hauyarsa ya zo. Ya ce, "Ƴaƴana, sannunku, ku turo shi nan." Ya kai mu bukkarsa ta gona, ya wanke wa abokina ciwon da ruwan gorarsa, matarsa ta dama mana fura. Ruwa ya kece muna ciki. Ko sunanmu bai tambaya ba sai da muka ƙoshi, da na ciro dala ɗari zan ba shi kuwa ya ɓata rai ya ce in mayar.

Muna nan waya ta yi ƙara. Alhaji ne. Ashe jana'iza ya je, ya bar wayar a gida. Na shirya maganganu masu zafi, amma kafin in buɗe baki ya ce, "Innalillahi! Kun ji ciwo? Bar zancen babur, ku kuna lafiya?" Ya sa na ba tsohon wayar ya kwatanta masa wurin. Ban yi zaton zai yi wani abu ba, na ɗauka irin alkawarin nan ne na gani nan tafe. Ba a yi awa biyu ba sai ga yaron shagonsa da bakanike a kan wani shuɗin babur, sun jiƙe sharkaf, da sabuwar sarƙa da maganin shafawa a leda. Yaron ya ce Alhaji ya ce mu ɗauki shuɗin mu ƙarasa inda za mu, su za su gyara wancan su koma da shi.

Abokina ne ya dage mu ƙarasa. Muka isa Gidimuni bayan la'asar, sama ta washe. Ban san yadda zan kwatanta wa wanda ya saba da bin garuwa ba. Kana tafe cikin tudun yashi, sai ka gangara ka ga ruwa shimfiɗe, itatuwan dabino a jere a bakinsa, lambuna, rake, rogo, yara suna wanka, masu kamun kifi suna janyo koma. Mu da muke auna bokiti guda ya ishe mu wanka da wanki, muka tsaya muna kallo ba mai magana. Wata mata ta sayar mana da ɗanyen dabino da soyayyen kifi, muka zauna a gindin bishiya muka ci. Na yi alwala da ruwan tafkin na yi sallah a kan yashi mai sanyi. A lokacin nan na yafe wa Alhaji komai. Na ce wa abokina mutumin da zai turo yaronsa cikin ruwan sama wannan nisa, mutumin kirki ne, ƙila ma bai san da wayar ba, aikin wani bakanike ne. Na ƙudura zan gaya wa duk ƴan fadarmu su riƙa zuwa wurinsa.

Shuɗin babur ɗin kuwa lafiyayye ne, birki yana kamawa, fitila tana haske, ya dawo da mu gida bayan isha ba matsala. Wannan ma ya sa na fara tambayar kaina: yana da irin wannan a ajiye, me ya sa tun farko ya ba mu wancan, alhali mun gaya masa tafiya mai nisa za mu yi, kuma kuɗin hayar ɗaya ne?

Washegari na je karɓar katina da jinginata. Ya tarbe ni da fara'a, ya tambayi jikin abokina, ya sa aka kawo mini ruwa. Sannan ya ƙirgo jika uku ya miƙo mini. Na ce, "Alhaji, ai biyar ne." Ya ce jika biyu kuɗin sarƙa ne da man da yaro ya ƙona, don a hannuna ta tsinke. Na ciro guntun sarƙar daga aljihu, don na ɗauko shi tun a gonar tsohon, na nuna masa wayar. Ya juya shi, ya yi shiru, ya kalli yaronsa, yaron ya sunkuyar da kai. Na ɗauka zai ce a yi haƙuri. Sai ya ce, "Ɗana, kowane babur da ka gani a garin nan akwai inda aka ɗaure shi. Ka gode wa Allah." Na gode wa Allah, amma ba abin da na zo ji ke nan ba. Sa'an mahaifina ne, mutane suna zaune, ban iya ɗaga masa murya ba. Wani maƙwabcinsa ya sa baki ya ce a raba, ya ƙara mini dala ɗari biyu, wato jika ɗaya, ya riƙe jika guda.

Ba jikar ce ke cina ba, ko da yake a wurin ɗalibi kuɗin abincin kwana biyu ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne har na bar wurin bai ce sarƙar laifinsu ba ce, kuma ina fita na ga babur ɗin da ya kayar da mu a jere cikin na haya. An sa masa sabuwar sarƙa, haka ne, da kuɗina. Amma wa ya duba birkinsa? Sauran da ke jere fa, nawa ne aka shafe da baƙin mai? Abokina ya yi mako yana ɗingishi, har yau tabon salansa na nan, kuma sai da na je da kaina na ba mahaifiyarsa haƙuri.

Duk da haka ba zan ɓoye ba, da bai turo yaron ba da a gonar nan za mu kwana, kuma da ban ga Gidimuni ba. Wanda ya matsu sai ya je wurinsa, ya nemi shuɗin, ya tsuguna ya goge sarƙar da tsumma ya bi ta gaɓa-gaɓa a gabansa, ya nemi hula biyu, a kuma yi magana tun farko a gaban shaida kan wa zai biya idan abu ya lalace a hanya. Ni dai saura Magarya a jerin nawa, kuma na riga na gaya wa gwaggo ranar Alhamis zan taho a motar tasha.