Zoben itace ko hoton tauraron ɗan'adam?

Idan maɗaci ya bushe a Samaru, wa za a tambaya? Tauraron Landsat yana ɗaukar hoton ƙasa tun 1972. Zai nuna maka inda kore ya ragu, amma bai san abin da ya faru kafin nan ba.

Ni na fi son zoben cikin itace, wato da'irar da gindin bishiya ke ƙarawa duk shekara. A huda gindi da siririn ƙarfe, a zaro tsinke mai kaurin fensir, a ƙirga: damina mai albarka zobe mai faɗi, shekarar fari irin 1973 ko 1984 kuwa siriri. Sai dai itatuwanmu akwai gardama. Gawo da damina yake kaɗe ganye, kuka kuma zobenta ba ya ƙirguwa sosai, sai an haɗa da gwajin kabon, wato gwajin kimiyya da ke gano shekarun itace.