Hilux ko Highlander? Amsa ga Alhaji mai neman motar jan tirela

Alhaji, tsakanin Hilux da Highlander da ka ce kana dubawa don jan tirela da fita shaƙatawa da iyali, ɗauki Hilux mai ƙofa huɗu ka huta.

Tawa Hilux Vigo ce, irin waɗanda aka yi tsakanin 2005 da 2015, mai injin fetur 2.7 da giyar hannu. Wata damina muna dawowa daga fadama a yankin Argungu, na ɗaura tirela ɗauke da injin ban-ruwa da buhunan shanshera, sai laka ta riƙe mu har gindi ya kusa taɓa ƙasa. Yaran gona har sun tuɓe riguna za su tura. Na ce su dakata, na sa ƙaramar giyar nan mai juya tayoyi huɗu, na bi ta a hankali ba tare da na danna mai ba. Ta yi gurnani ta fito, tirelar na biye da ita. Wannan motar dai ita ke kai mu kallon Rigata, bikin wasannin ruwa, a Yauri, tabarmi da kuloli da kujerun roba duk a baya, an rufe da tampol.

Ba tsafi ba ne. Hilux a kan shasi na ƙarfe aka ɗora jikinta, bayanta kuma sifirin mai falle-falle ne irin na manyan motoci, shi ya sa nauyin tirela ba ya durƙusar da ita. Kayan gyaranta kuwa ko a Jega ko Koko ka tsaya za ka samu, da makanikin da ya san ta ciki da bai. Aibinta ɗaya ba zan ɓoye maka ba: in babu kaya a baya tana tsalle a kan gargada, Hajiya za ta yi ƙorafin kujerar baya kafin ku kai Yauri. Mai ma tana sha, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

Highlander motar kwalta ce da kai yara makaranta. Tana da laushi da sanyi, amma ba ta da shasi daban, ba ta da ƙaramar giyar laka, kuma samfurin 2008 zuwa 2013 in ba ta zo da kayan ja na musamman daga kamfani ba, abin da aka yarje mata bai wuce kilo 900 ba. In lallai jif ranka ke so, ƙara kuɗi ka nemi Prado, ita ma shasi gare ta.

Batun tirelar kanta: waɗanda masu walda ke haɗa mana yawanci ba su da birki, kuma ƙa'idar tirela marar birki kilo 750 ce, komai ƙarfin motar. Kilo 2,500 da ake faɗa wa manyan Vigo na tirela mai birki ne. Ja ba shi ne wuya ba, tsayawa ce, musamman in shanu suka faɗo maka titi.

Sai ka yi hattara da dillalai, don Hilux ta fi kowace mota shan kwaskwarima. Za a ɗauko wadda ta gama wahala a wajen aikin hanya, a fesa mata farin fenti, a mayar da mita baya, a ce maka 'yar Kwatano ce ba a taɓa hawa ba. Je da makanikinka, ba wanda dillali ya kawo ba. A hau da ita rami a duba shasin, in an ga walda ko lanƙwasa ku yi sallama. Ku gwada giyar tayoyi huɗun a kan yashi, domin akwai waɗanda aka cire musu sandar gaba aka bar hannun giya don ado. Lambar shasi ta dace da ta takarda, takardun kwastan kuma a tantance su a ofishinsu kafin ka ba da ko sisi, tunda a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu kuma na bogi sun yi yawa. Ranar da ka biya, ka sa mata na'urar bin sawu, ɓarayi ma Hilux suke so.