Shagon tura fim na bayan Wunti da kaboyin Leone

Ɗana ne ya kai ni, bayan na ishe shi da labarin finafinan kaboyi da muka kalla muna samari. Shagon yana wani lungu bayan kasuwar Wunti a Bauchi: kwamfuta biyu, benci ɗaya, sai janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Masu zuwa duk Indiya fassarar Hausa suke nema, don haka ban sa rai ba.

Ina fara kwatanta mutumin nan mai bargo a kafaɗa da guntun sigari a baki, sai mai shagon ya ce, "Baba, na Sergio Leone kuke nufi." Ya buɗe, ga su nan jere ƙarƙashin sunan daraktan, kowanne da shekararsa. Nan ya saye ni.

Mu da muna rantsuwa Amurkawa ne suka yi su, ashe Leone mutumin birnin Rum ne na Italiya, haifaffen 1929, kuma yawancin hamadar da muke gani ta Almeriya ce a Sifaniya. Ba laifinmu ba ne: a fim ɗinsa na 1964, wanda ya fito da Clint Eastwood, mai bargon nan, shi da kansa ya ɓoye sunansa ya sa Bob Robertson don a ɗauka Ba'amurke ne. Mai kiɗansa, Ennio Morricone, ajinsu ɗaya a firamare.

Huɗu na karɓa a filasha, kuɗin bai kai na kwanon shinkafa ba. Uku hoto tas, sauti garau.

Na huɗun ne ya ɓata min rai, Once Upon a Time in the West na 1968. Na zauna bayan isha'i, na kunna, sai kawai na ga jirgin ƙasa ya riga ya iso. Ina zaman jiran? Ina 'yan bindiga ukun nan a tasha, ɗaya ƙuda na yawo a fuskarsa yana hura shi da leɓe, ɗaya ruwa na ɗiga a kan hularsa ɗis, ɗis, ga kukan tsatsar famfon iska? Kusan minti goma babu kiɗa, magana ma sai ka lalubo. Don wannan wurin na sayi fim ɗin.

Washegari na koma. Yaron shagon ya sunkuyar da kai: "Wallahi Baba, na ga ba a komai a wajen, shi ne na yanke don kar ya cinye muku wuri." Haushi da dariya suka haɗe mini. Na ce masa, ɗan nan, ai an riga ka. Fim ɗin Leone na ƙarshe, na 1984, minti 229 ne, Amurkawa suka datse shi ya koma 139, ya lalace. Bai sake yin wani ba har ya rasu a 1989.

Mai shagon bai yi gardama ba. Ya sake tura min cikakke, ya ƙi karɓar ko sisi, ya kuma zaunar da yaron a bencin nan ya kalli farkon gaba ɗaya.

In za ku je, ku je da hantsi, don bayan la'asar 'yan makaranta sun cika wurin. Ku riƙe filasharku, nasu na sayarwa ba su yi min kama da masu ƙarko ba. Kuma kafin ku tashi, ku sa a buɗe muku farkon fim ɗin ku gani.