Yamaha STAGEPAS 600BT a hannun mai fiyano: sitiriyo ko mono?

Kayan sautin nan saiti guda ne: sifiku biyu masu inci 10, da miksa mai layi 10 wadda amfilifaya ke cikinta, ƙarfinta wat 340 a kowane ɓangare, jimla 680. Duka nauyin bai wuce kilo 26 ba, miksar kuma tana maƙalewa a bayan sifika ɗaya, wayoyi su shige bayan ɗayar. Mutum ɗaya zai iya loda shi a Keke Napep. An haɗo shi da wayoyin sifika biyu, kowacce mita 6.

Abin da ya fi shafar mai fiyano a jikinsa ɗan maɓalli ne da aka rubuta wa ST/MONO, wanda ke kan layukan sitiriyo, wato 5/6 da 7/8 da 9/10. In yana ST, abin da ya fito daga ramin hagu na fiyano sifikar hagu yake tafiya, na dama ya tafi dama. In aka mayar da shi MONO, miksar ta gauraya su, sifikun biyu su fitar da abu iri ɗaya. Mutane da yawa na barinsa a ST don suna ganin sitiriyo ne na manya. A filin biki wannan kuskure ne.

Ga dalili. Fiyano irin su Yamaha PSR-SX700 da SX900 ko Korg Pa suna rarraba kiɗa tsakanin hagu da dama tun daga kamfani. Muryar fiyano kanta, ƙananan amo sun karkata hagu, masu zaƙi sun karkata dama. A salon da ke bin mai kiɗa, jita na iya zama gefe guda, wasu ganguna da kacau-kacau a ɗaya gefen. Wannan tsari yana daɗi ne ga wanda yake tsakiya, nisansa da sifikun biyu daidai wa daida. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kunne kuwa duk sautin da ya riga isowa shi yake bi. Ko tazarar santimita 34 ce tsakanin nisan biyu, ta isa ta fara janye kiɗan zuwa sifikar da ta fi kusa.

A ɗauki filin da aka kafa rumfuna hagu da dama, sifikun na da tazarar mita 8. Baƙuwar da ke zaune mita 2 daga sifikar hagu, mita 9 daga ta dama, sautin dama zai iso mata a makare da kusan kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa, kuma ya yi ƙasa da kusan desibel 13 a ma'aunin ƙarfin sauti. Wato rabin kiɗan take ji. Na rumfar can su ma ɗaya rabin suke ji. Masu cin moriyar sitiriyon su ne 'yan tsirarun da ke tsakar fili, waɗanda galibi rawa da liƙi suka ɗauke musu hankali. A irin wannan wuri a danna MONO, kowa ya samu cikakken kiɗa.

Sai dai mono ma yana da nasa ciwon, kuma a muryar fiyano ya fi bayyana. Da makirufo biyu ake ɗaukar sautin fiyanon asali kafin a zuba shi cikin na'ura. In aka haɗe ɓangarorin biyu, wasu amon sukan kashe juna, sai muryar ta sirance, ta zama kamar daga cikin kwali take fitowa, musamman a tsakiyar allon. Haka muryoyin da aka yi musu kwalliyar kai-komo tsakanin hagu da dama, kamar ogan mai jujjuyawa da fiyanon lantarki mai kaɗawa: a mono kwalliyar takan ragu ko ta ɓace. Ba laifin STAGEPAS ba ne, kowace miksa haka za ta yi. Maganinsa gwaji ne kafin baƙi su zo. A riƙe amo uku a tsakiyar allo, wani ya riƙa danna maɓallin yana saki, mai kiɗa ya saurara daga gaban sifika. Muryar da ta rame a canza ta. Wasu fiyanon suna da muryar da aka tanada musamman don mono, za a ga kalmar a jikin sunanta. In babu, mai ɗan kaifi ta fi jure gaurayawa a kan mai laushi. A kuma rage amsa-kuwwar cikin fiyanon, don a mono takan taru wuri guda ta dagula kiɗan.

Hanyoyin samun mono biyu ne masu kyau. Ko dai a sa waya ɗaya a ramin fiyano da aka rubuta L/L+R a Yamaha, L/MONO a Roland, a bar ramin R babu komai, fiyanon ya gauraya da kansa. Ko a sa wayoyi biyu zuwa layi 5/6 a danna MONO. Ta biyun ta fi, domin ana iya komawa sitiriyo da yatsa ɗaya ba tare da an taɓa waya ba.

Munanan hanyoyin su ma biyu ne, kuma ana yawan ganinsu. Ta farko, haɗe ramin L da R da waya mai reshe biyu zuwa baki ɗaya: fitarwa biyu ke nan suna tura wa juna wuta, sauti ya shaƙe, ga wahalar da na'ura. Ta biyu ta fi ɓata rai. Ƙananan fiyano kamar PSR-E373 ramin abin saurare na kunne kaɗai suke da shi. In aka ɗauko waya mai zobe biyu a baki aka kai ta layi 3 ko 4, miksar na iya cire dama daga hagu maimakon ta haɗa su. Duk abin da ke tsakiya, bes da babbar ganga da muryar da ake bin waƙa da ita, sai ya dushe, a bar mutum da kuwwa kawai. Sai a fara zagin sifika. Abin da ake bukata waya ce mai kai ɗaya na sitiriyo wadda ta rabu biyu, kowane reshe ya shiga raminsa a 5/6.

To ina sitiriyo yake da rana? A ƙaramin ɗakin taro mai tsawo, inda kowa ke fuskantar gaba, da situdiyo, da wajen atisaye. A matso da sifikun su zama mita 3 zuwa 4 tsakani, a ɗora su kan sanda sama da kawunan mutane, a ɗan karkato su ciki. A nan 600BT yana burgewa: fiyano ya buɗe, muryoyin goge su cika ɗaki, muryar mawaƙi ta zauna a tsakiya ba ta rigima da kiɗa. Shi kansa mai kiɗan ya fi kowa jin daɗin sitiriyo, shi ya sa yake nacewa a kai. A ba shi nasa ta ramin MONITOR OUT na miksar ko ta sifikun jikin fiyanonsa, amma a sani in layin yana MONO, abin da zai fito ta ramin shi ma gaurayayye ne.

Babban abin da muka ga ya gaza a miksar shi ne babu abin murɗa sauti hagu ko dama a kan layukanta. Ko dai sitiriyo a buɗe gaba ɗaya, ko mono, babu tsaka-tsaki. Wanda ke son matsakaici sai ya shiga shafin miksar cikin fiyanonsa ya jawo jita da ganguna kusa da tsakiya, ya adana saitin. Amsa-kuwwar miksar ma, wadda ake kira SPX, layi 1 zuwa 4 kaɗai take aiki, na makirufo. Wannan bai dame mu ba, fiyano na da tasa.

Sai batun bes. Inci 10 ba ya ɗaukar gangar salon kiɗa a fili buɗaɗɗe. In aka matsa masa, fitilar LIMITER, mai nuna miksar na taƙaita ƙarfin sauti, ta riƙa kamawa, kiɗa ya daina numfashi. Akwai ramin SUBWOOFER OUT, kuma da zarar an sa waya a ciki miksar na ɗauke wa sifikun biyu nauyin ƙananan amo, su samu sarari. Wanda aikinsa biki ne, kuɗin da zai ƙara a kan sifikar bes mai amfilifayarta guda ɗaya ya kamata ya tafi, ita kuma dama mono take aiki.

Wayar fiyano zuwa miksa kada ta wuce mita 5 ko 6, don irinta tana kwasar gurnani, balle in janareta na kusa. Ajiye miksar a gefen mai kiɗa ya fi sauƙi, a ja wayoyin sifika su yi nisan. Fiyano da miksa su sha wuta daga soket ɗaya, a kunna fiyano tukuna kafin miksa, wajen kashewa kuma a fara da miksa.